Shafin da Mai Girma Ya Buɗe

Yau da safe na je Buza neman izinin mamaci. Kada ku yi dariya, jama'a, ni ma ban yi ba. A bayan moto na je, wato babur ɗin maƙwabcina Malam Ishaku, ta Keita muka zagayo, kuma wannan rubutu a tsaye nake yin sa, don hanya ta karɓi hakkinta a inda nake zama. Izinin kuwa mun samo shi. Abin da ya hana shi amfani ne zan gaya muku, don in na haɗiye cikina zai kumbura.

Ni Kalla tela ne, shagona yana bakin gudron, titin kwalta, a nan Madawa. Malam Ishaku wanki yake yi a asibitin mishan, zannuwan gadon marasa lafiya sun cinye masa fatar hannu. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, a gabana aka haifi 'yarsa Dorkas, ni na ɗinka mata rigar lakwal ta fari, ranar da aka sa ta makaranta. Yarinyar nan tun tana kai wa ubanta abinci asibiti take cewa ungozoma za ta zama. Bara ba ta yi konkur ba, jarrabawar shiga makarantar ungozomomi, tana jinyar uwarta. Bana ne na ƙarshe, badi shekarunta sun wuce abin da aka ƙayyade. Kuma bana aka kawo ci gaba: ba a karɓar suna sai ta intanet, intanet ɗin ma sai a odinater, wato kwamfutar Ofishin Sauƙaƙa wa Jama'a, don ita kaɗai aka ba mabuɗin shiga. Ana rufe karɓar suna yau Juma'a da tsakar rana.

Ran Litinin Malam Ishaku ya ce in raka su ofishin, shi da Dorkas, wai ni na iya magana da mutanen ofis. Ban iya ba. Ɗinki nake yi musu bashi, shi ya sa suke amsa gaisuwata.

Muka tarar da sakataren ofis, Halidu, ya zuba tagumi gaban odinater, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiyar allo. Muka gaisa, zobe na juyawa. Muka tambayi gida da gajiya da zafi, yana juyawa. Na ce ko rezo ne babu, layin sadarwa ya ɗauke. Halidu ya ce rezo lafiya lau, memuwar ce ta cika. Ya yi mini bayani, ni kuma na fahimta da hankalin tela. Nabigater shi ne ƙofar da ake bi a shiga intanet. Memuwar kuwa teburin yanka ce, ba akwatin ajiya ba. Duk shafin da aka buɗe aka bari, yadi ne a shimfiɗe bisa tebur. In yadin mutane ya rufe teburin, ko ɗan wando ba ka da inda za ka yanka.

Dorkas ta leƙa saman allo. Shafukan da aka bari a buɗe sun jeru, sun matsu, sun ƙanƙance kamar haƙoran matsefi.

"Malam Halidu," in ji ta, "in anka ruhe waɗanga, ai tana tahiya."

Halidu ya waiga ƙofa tukuna. "Ƙanwata, na sani. Kowa ya sani. Mai shara ma ya sani. Amma ba ni nab buɗe su ba."

Na ce wa ya buɗe?

Ya nuna da biro, bai yarda yatsansa ya taɓa gilashin ba. Na hannun hagu, wanda ya fara shugabantar ofishin, Marigayi Mai Girma na Farko, ya buɗe su, Allah ya jiƙansa: maganin ciwon suga da farashin motoci a bakin teku. Na tsakiya na Tsohon Mai Girma ne, wanda ya yi ritaya ya koma Keita: sakamakon wata kokowa da 'yan kokowarta yanzu suna da jikoki. Na dama kuwa na Mai Girma na yanzu ne, hotunansa yana yanka kirtani a wurare dabam dabam, da wani bidiyo nasa da ke tashi da kansa. Ko an kashe odinater, ko wuta ta ɗauke, da an kunna sai ta dawo da su duka, kowa a gurbinsa. Ta fi mu ladabi.

"Baba Kalla," in ji Halidu, "ka taɓa ganin yaro ya ɗauke akushin babba tun bai ce ya ƙoshi ba? Wanda nag gada ya ruhe guda cikin kuskure. Yanzu shina wani gari inda sai ka hau gawo kaka samun rezo."

To, ni ba zan zagi tarbiyya ba. Da ita aka rene mu. Ƙofar da babba ya buɗe yaro ba ya turawa, tabarmar da babba ya shimfiɗa yaro ba ya naɗewa. Sai dai kakanninmu da suka kafa wannan doka ba su san za a zo da tebur ɗaya na dukan departama, gunduma guda, ba.

Muka nemi ganin Mai Girma. Aka ce yana ciki amma ba ya nan. Ran Talata aka ce yana nan amma bai shigo ba. Can dab da azahar Allah ya haɗa mu a baranda, Inuwar Talaka, Rijiya Mai Murfi, Sarkin Sa-hannu, ranka ya daɗe. Malam Ishaku ya cire hula ya yi bayani. Mai Girma ya saurara har ƙarshe, wannan kam ba zan ci hakkinsa ba. Sannan ya ce matsala ce ta kimiyya, kuma ba a maganin kimiyya da gaggawa. An gaya masa nabigater iri iri ne, wani ya fi wani ci. Saboda haka ya kafa komite, za a auna su a gano wane ne mai cinye memuwar jama'a. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu shafuka muka hango, shi ya hango komite.

Ran Laraba aka kawo gwani daga garin Tawa, wani saurayi mai natsuwa, Faruƙ. Aka jera kujeru, aka kawo lemu da gasassun kaji. Aka ce ana bukatar wakilin jama'a, aka duba, ni ke zaune bisa benci, aka naɗa ni. Ban ƙi ba. Kajin sun gasu.

Faruƙ ya buɗe wata 'yar taga da ke nuna abin da kowa ke ci a cikin odinater, layi layi, lambobi na hawa suna sauka. Nabigater uku za a gwada. Sunayensu sun fi ƙarfin harshena, sai na raɗa musu nawa: Raƙumi, Jaki da Akuya. Raƙumi shi ne na ofis, mai ɗauke da shafukan manya, ya kwashe teburin bai bar komai ba sai ɗan lungu. Faruƙ ya saka Jaki, babu shafi ko ɗaya a kansa, ya ci kaɗan. Ya rufe shi ya saka Akuya, ita ma ba kaya, ta ci ƙasa da haka. Sai ya dubi Dorkas da ke tsaye bakin taga da takardunta a leda, ya sassauta murya.

"Ranka shi daɗe, wagga ƙarama tana shiga ɗan lungun da yar rage. In an yarda, yarinyar ga ta sa sunanta yanzu, sannan mu ci gaba da awo."

Wallahi har na aje ƙashin kaza. Dorkas ta ɗaga ƙafa za ta shigo. Sai Mai Girma Mataimaki, Bangon Jingina, ya gyara murya. Ya ce shi ɗan kasuwar dabbobi ne tun kakanni, bai taɓa ganin an gwada dabba mai kaya da dabba marar kaya an ce an yi adalci ba. Zalunci ne a ɗora wa guda buhu, a bar biyu suna tafiya hannu rabbana, sannan a ce shi ne mai ci. In awo za a yi, a ɗora wa kowa kaya iri ɗaya. Kafin nan kuma kada kowa ya taɓa odinater, kada awo ya gurɓace.

Komite ya yi tafi. Ni ma na yi, don maganar ta yi daidai da hankali, nan ne bala'inta.

Aka ce to a buɗe shafukan manya duka a Jaki, a buɗe su a Akuya. Wa zai buɗe? Aiki ne na hukuma, ai sai hannun hukuma. Faruƙ ya shirya komai, ya rage latsawa kawai. Na ga ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Halidu, Halidu ya dubi silin, ya mayar da bakinsa ya rufe. Mai Girma ya naɗe hannun babbar riga, ya yi bisimilla, ya latsa. Ya sake latsawa. Aka ɗauki hoto. Maganin suga ya zama uku, kokowa uku, Mai Girma yana yanka kirtani a wuri uku lokaci guda, muryarsa na karo da muryarsa. Odinater ta fara wani kuka kamar injin niƙa da aka zuba wa tsakuwa. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Sakamako ya fito da la'asar, don lambobin ma da rarrafe suke zuwa. Raƙumi ya fi ci, Jaki na bin sa, Akuya ce ta ƙarshe. Bambancin kuwa, in da hatsi ne, bai fi ɗan gyaran da mai awo ke ƙara maka bisa tiya ba. Faruƙ ya rubuta haka. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya cikin ladabi, cewa da za a rage shafukan da ke buɗe, kowane daga cikin ukun zai yi aiki. Komite ya goge layin. An ce a auna ciki, ba a ce a binciki mai zuba abinci ba.

Malam Ishaku mutum ne mai haƙuri, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko awakina sun ci masa zogale. Ya matso yana murza hula.

"Ranka shi daɗe, in masu shafin sunka ba da izini hwa?"

Mai Girma ya ji daɗin tambayar. Ya ce ga talaka mai tarbiyya. In magabatansa sun yarda, babu laifi a rufe nasu. Shi kuwa ba zai riga su ba, gaba da gabanta. Na ce to ga waya, a kira Keita. Aka dube ni kamar na yi tusa a masallaci. Ba a neman izinin babba ta waya, ƙafa ake takawa.

Shi ya sa ran Alhamis Malam Ishaku ya nemi a riƙe masa aiki, muka hau moto. Ba zan ba ku labarin esans ba, kun san halin fetur. A gidan mai, layi ya kai kasuwa, aka ce akwai amma bai iso ba, muka sayi na kwalba, wanda rabinsa addu'a ce. Muka wuce garin Tama, masu lambu na ban ruwan albasa, muka hau duwatsu muka sauka, moto na tari muna ba shi haƙuri.

A Keita muka tarar da Tsohon Mai Girma kwance bisa kujerar igiya a gindin bedi, shi kaɗai, rediyo a ƙirji. Da Malam Ishaku ya faɗi abin da ya kawo mu, sai tsohon ya tashi zaune.

"Shafina shina nan? Har yanzu?"

Muka ce yana nan, har ya haihu.

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce tun da ya aje aiki babu wanda ya tako ya gaishe shi, waɗanda ke durƙusa masa da yanzu in sun hango shi sai su shiga lungu, ashe odinater ce kaɗai ba ta manta da shi ba. Ni da na zo da fushi a aljihu sai na ji tausayinsa ya kama ni. Ya sa aka dama fura, aka yanka zabo, ya ba mu labarin kokowar nan tun daga kirari har kaye. In Malam Ishaku ya ce Dorkas, sai ya ce za mu zo nan. Ba mu zo nan ba sai da rana ta faɗi. Ya yi ajiyar zuciya ya ce a rufe, amma a gaya wa yaran ofis shi ya ba da umarni, kada a ce ƙarfinsa ne ya ƙare. Hanyar ba ta biyuwa da duhu, dole muka kwana.

Da asuba muka kamo hanyar Buza, gidan Marigayi. Tun da shi ba ya amsa sallama, komite ya ce izinin magada ya isa. Uwargidansa, Hajiya Habsa, tana tankaɗe a tsakar gida. Na yi ta zagaye zagaye, ina jin nauyin maganar. Ta aje rariya.

"Ku hwaɗa mini, mi an nan?"

Malam Ishaku ya faɗa mata a taƙaice. Ta dube shi, ta dube ni.

"Mutum ya bar gona, ya bar gida, ya bar ni, ya bar duniya dut, shafi na ba shi bari? Ku ruhe! Kuma ɗiyar mutane tana can tana jira kuna nan kuna gaisuwa? Ku tashi ku tahi, ruwa ma kada ku sha."

A dukan wannan tafiya ita kaɗai na ji ta yi maganar da za a iya ɗinka riga da ita. Ba a taɓa sa ta a komite ba.

Malam Ishaku ya murɗa moto kamar saurayi. Muka iso Madawa rana ba ta kai tsaka ba, jan ƙasa har cikin kunne. Muka tarar da rumfa a ƙofar ofis, kujeru, lasifika: bikin bayyana sakamakon awo. Dorkas na nan bakin taga inda muka bar ta. Muka isar da saƙo, Halidu ya ce alhamdu lillahi, ya rufe shafukan Marigayi da na Tsohon Mai Girma da ke kan Raƙumi. Odinater ta ɗan yi numfashi. Na ce saura na kan Jaki da Akuya.

"Baba Kalla, waɗancan ba su sunka buɗe su ba. Mai Girma yab buɗe su ran Laraba."

Muka kai kuka wurin Mai Girma. Ya ce waɗannan yanzu shaidar awo ce, ba a taɓa shaida sai rahoto ya je sama ya dawo. Nasa na asali kuma zai duba bayan biki, ba a rufe hoton mutum ranar da ake yabonsa. Amma don a san ofishin nan na talaka ne, ga Akuya ta ci gasa, da ita za a yi wa yarinyar nan rajista, a gaban jama'a, kuma da hannunsa zai buɗe mata. Aka yi tafi. Aka zaunar da Dorkas bisa kujerar Halidu. Mai Girma ya sunkuya ya latsa, mai hoto ya ce a sake bai fito ba, ya sake. Zobe ya fara juyawa, shi kuma ya fita yin jawabi a kan sauri.

Shafin ya buɗe, da ƙyar, daga sama zuwa ƙasa kamar ana warware rawani. Dorkas ta latsa harafin farko na sunanta. Muka jira ya fito. Ta latsa na biyu. Malam Ishaku na tsaye bayanta, leɓensa na motsi, na san addu'a yake yi, ni ma na kama tawa. Sunanta ya shiga. Sunan ubanta ya shiga. Garin haihuwa ya shiga. Gumi na ɗiga daga haɓarta bisa madannai, ba ta share ba. A waje Mai Girma na cewa zamanin jira ya wuce. Ta kai kan shekarar haihuwa, ta sa lamba biyu na farko, sai wani jan rubutu ya fito a tsakiyar allo. Wannan kam bai yi rarrafe ba, tsaf ya fito. Halidu ya karanta a hankali: an rufe karɓar suna.

Dorkas ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta tattara takardunta ta mayar cikin leda, ta daidaita bakinsu. Malam Ishaku ya dafa kafaɗarta da hannun nan nasa da sabulu ya cinye, ya ce, "Tashi mu tahi gida, ɗiyata. Ubangiji shina gani." Na ji kunya, jama'a. Na ji kunyar kajin da na ci, na ji kunyar tafin da na yi, raina ya ɓaci har na rasa karin maganar da zan jefa, ni da ba na rasawa.

Da za ta tashi, ta miƙa hannu don ta rufe shafin, kamar yadda duk mai hankali ke gyara wurin da ya zauna. Halidu ya tare hannunta, idonsa ja.

"Ki gahwarce ni, ƙanwata. Mai Girma yab buɗe shi."

Saboda haka ina taya maƙwabcina murna. Ba kowane mai wanki ke samun hukuma ta riƙe sunan 'yarsa ba. Gobe in an kunna odinater zai dawo, jibi ma haka, ko Mai Girma ya yi ritaya, ko ya riga mu gidan gaskiya: Dorkas Ishaku, haifaffiyar Madawa, da rabin shekarar haihuwa. Matan ƙauye masu naƙuda kuwa, ku yi haƙuri ku ɗan riƙe. An auna, an gano wanda ya fi ci.